Wata Uku a Cikin Takardar Kakana

A gidanmu na cikin birnin Kano akwai wani littafin Ashafa rubutun hannu, wanda ba ya fitowa sai da azumi. Yana ɗaure cikin tadarishi, tadarishin na cikin gafaka, gafakar kuma na ƙasan wata tsohuwar adaka a soro. Lokacin da kakana ke da rai shi ke karanta shi bayan La'asar, dattawan unguwa sun kewaye shi a kan tabarmi, mu yara muna raɓe a bakin ƙofa muna jiran kiran Magariba. Da Allah ya yi masa rasuwa sai Baffa, yayan mahaifina, ya gaji buzun. Na tashi ina jin ana cewa littafin nan ya haura shekara ɗari huɗu a hannun zuriyarmu, tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Kisoke. Maganar tana da madogara, don littafin tarihin sarakunan Kano ya faɗi cewa a zamanin Kisoke, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565, wani malami da ake kira Shehu Tunus ya kawo Ashafa ƙasar Hausa. Ban taɓa jin wanda ya ja da wannan labari ba, ni ma ban taɓa ja ba.

Da na fara digiri na uku a sashen tarihi, sai na ga ai ga kayan aiki a gida. Na roƙi Baffa ya bar ni na ɗauki hoton waɗansu shafuka da waya, na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya daɗe yana jan hotunan da yatsa yana ƙara musu girma, sannan ya ɗago ya ce, "Wa ya yi takardar?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, marubucin bai sa sunansa a ƙarshe ba. Tammat kawai ya rubuta, sai salati."

Ya ce, "Ba wanda ya yi rubutun nake tambaya ba, ɗana. Takardar da aka yi rubutun a kanta, wa ya yi ta, a wane gari? Koma gida ka ɗaga ta a haske, ka dawo ka ba ni labari."

Daren nan an ɗauke wuta a unguwarmu. Na yi alwala, na zaro warƙa ɗaya daga tsakiyar littafin, na kunna fitilar waya na sa a bayanta. Layuka na fara gani, sirara a jere kamar saƙar tabarma, da waɗansu masu tazara da suka ratsa su. Can a gefe sai ga jinjirin wata babba, kusa da shi rabin wani da ya yanke a bakin takarda. Na riƙa zaro warƙoƙin da ke kusa ɗaya bayan ɗaya, a ta uku na sami sauran rabin, da wani ƙarami a gefensa. Wata uku ke nan a jere, kowane ya fi na bayansa girma. Babu tawada a wurin, babu fenti. A cikin jikin takardar suke, inda ta fi siranta haske ya fi wucewa. Shekara talatin da wani abu ina ganin littafin nan, na sha ɗauko wa kakana shi da hannuna, ban san yana ɗauke da wannan abu ba. Tsigar jikina ta tashi a daren nan.

Abin da ya fara zo mini shi ne takardar Masar ce ko ta Santambul, tunda wata alama ce da muka sani ta Musulmi. Malam ya ce rabin gaskiya na faɗa. Don kasuwar Musulmi aka yi ta, amma masu yin ta Kiristocin Italiya ne, mutanen garuruwan da ke ƙarƙashin birnin Venis, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya. Su masu sana'ar suna ce mata tre lune, wato wata uku da harshensu. Daga wannan rana bincikena ya sauya hanya, na bar abin da ke rubuce na koma kan abin da aka yi rubutun a kansa.

Sai da na fahimci yadda ake yin takardar sannan na gane abin da na gani. Tsummokaran tufafi da tsofaffin igiyoyi ake tarawa, a jiƙa su har su ruɓe, sannan manyan taɓaren katako da ruwan kogi ke ɗagawa su yi ta kirɓa su har su koma kamar ƙullun kunu. A zuba ƙullun a babbar randa. Mai aiki yana da wata irin rariya mai kusurwa huɗu, bakinta katako, cikinta sirarran wayoyin tagulla a jere. Ya tsoma ta, ya ɗago, ya girgiza, ruwa ya tsane, abin da ya kwanta a kan wayoyin shi ne falle guda. A kife shi a kan bargon ulu, a matse, a shanya, a tsoma a ruwan danƙon da aka dafa daga fatu don kada tawada ta naso. Layukan da na gani a daren nan sawun wayoyin rariyar ne. Watan kuwa wata 'yar waya ce aka lanƙwasa aka ɗinke a kan rariyar, don haka ƙullun da ya hau kanta bai kai na sauran wurin kauri ba. A garin Fabriano aka fara wannan dabara, wajen ƙarshen ƙarni na 13. Dalilin da ya sa watan nawa ya rabe biyu shi ma mai sauƙi ne: fallen babba ne, sai an ninka shi sau biyu an yanka kafin ya zo daidai girman littafi, tambarin kuwa yakan faɗo a kan ninkin.

Ga inda abin ya zama makami a hannun mai bincike. Rariyar nan ba ta daɗewa. In ana aiki da ita kullum, shekara biyu ko kusa da haka ta gaji, wayoyinta sun karkace, an yi sabuwa. Kuma biyu-biyu ake aiki da su, tagwaye, masu kama da juna amma ba su zama ɗaya sak ba. Saboda haka in ka sami takarda mai kwanan wata da ta fito daga rariya ɗaya da taka, ka kusa sanin shekarun littafinka. Wani mutumin Janeba a Suwizalan, Charles-Moïse Briquet, ya ƙarar da shekaru yana bin ɗakunan ajiyar takardu na Turai yana kwafar waɗannan tambura da hannu. A 1907 ya fitar da mujalladi huɗu masu ɗauke da tambari sama da 16,000. Har gobe duk mai nazarin tsofaffin littattafan Turai da shi yake farawa. Sai dai a shekarar 1600 ya tsaya, mu kuwa yawancin abin da ke cikin gafakokinmu bayan nan aka rubuta shi.

Masana tarihi a Turai suna da wani zango da suke kira farkon sabon zamani, daga wajen 1500 zuwa wajen 1800. A aji an koya mana shi da Kolumbus da Luther da injin ɗab'i, kamar mu ba mu da ko tabarma a cikinsa. Ni kuwa in na auna shi da ma'auninmu, zango ne da ya tashi daga Muhammadu Rumfa, wanda Magili ya rubuta wa nasiha kan mulki, ya bi ta kan Mai Idris Aloma na Barno, da Ahmad Baba na Timbuktu, da Ɗan Marina da Ɗan Masani na Katsina, ya dire a hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Duk waɗannan mutane a kan takarda suka yi rubutu, kuma ba a yin takarda a ƙasashenmu. Kowane falle sai da ya ƙetaro teku da Sahara.

Akwai wani kwari a gaɓar tafkin Garda, a arewacin Italiya, kusa da garin Toscolano, wanda har yau ake kira kwarin masu takarda. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsu shi ke ɗaga taɓaren, Venis kuma ita ce kasuwa da tashar jirgi. A nan na ci karo da labarin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk karatun da na yi. Wani mai ɗab'i ne, Paganino Paganini, da ɗansa Alessandro. Ba ƙananan ma'aikata ba ne. Uban ne ya buga babban littafin lissafi na Luca Pacioli a 1494, wanda 'yan akanta ke ambata har yau, ya kuma buga wani littafin nasa a 1509 mai ɗauke da siffofin da Leonardo da Vinci ya zana. Daga baya suka kafa injinsu a Toscolano ɗin, kusa da inda takarda ke fitowa. Tsakanin 1537 da 1538 sai suka yi abin da ba wanda ya riga su: suka buga Alƙur'ani cikakke da haruffan Larabci na ƙarfe. Masu bincike na ganin kasuwar Daular Usmaniyya suka hanga.

Littafin ya ɓace ɓat. Ƙarnuka ana jin labarinsa ba a ganinsa, har aka riƙa cewa Paparoma ne ya sa aka ƙone duka. Sai a 1987 wata mai nazarin tarihin littattafai, Angela Nuovo, ta gano kwafi ɗaya a ɗakin karatun waɗansu fada-fada a tsibirin San Michele na Venis. Shi kaɗai ne aka sani a duniya. Na ga hoton shafinsa na farko a intanet, na daɗe ina kallo. Duk almajirin da ya kai izu biyar zai ga matsalar nan take: ɗigo ya sauka inda bai kamata ba, haruffa masu kama da juna sun cakuɗe, wasali ya rikice. Da alama waɗanda suka jera haruffan ba su da hadda, ba su zauna gaban alaramma ba, siffa suka gani suka kwaikwaya. Ba Musulmin da zai sayi wannan ya ɗora a rehal. Bayan wannan aiki ba a ƙara jin ɗuriyar maɗaba'ar tasu ba. Su kansu Turkawa sai a 1729 Ibrahim Mutafarriƙa ya fitar da littafinsa na farko a Santambul, kuma izinin da aka ba shi bai haɗa da littattafan addini ba.

Abin da ke taɓa ni a nan shi ne, yanki ɗaya ne ya gwada sayar wa Musulmi abu biyu. Bugaggen Alƙur'ani ya faɗi warwas, farar takarda kuwa ta ci kasuwa shekaru ɗaruruwa, daga Santambul zuwa Alƙahira, daga Tarabulus zuwa Kukawa da Kano da Sakkwato. Malamanmu sun karɓi takardar hannu bibbiyu, amma alƙalamin bai bar hannunsu ba. Ko da injin ɗab'i ya zo Kano, Alƙur'anin da tsangaya ta amince da shi rubutun hannun gwanaye ne irin su Sharu Bala Gabari, aka ɗauki hotonsa aka buga, da ƙira'ar Warshu da irin baƙin da ido ya saba da shi. Ina ganin hikima a wannan zaɓi, kuma ban yarda da masu kiransa ci-baya ba.

A birnin Venis ɗin nan dai, a 1550, Giovanni Battista Ramusio ya buga bayanin Afirka da Hasan al-Wazzan ya rubuta, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. Haifaffen Garnaɗa ne da ya tashi a Fas, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 aka miƙa shi ga Paparoma Leo na 10, ya gama littafinsa a Roma a 1526. Daga gare shi Turawa suka daɗe suna sanin sunayen Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Shi ne kuma ya ce a Timbuktu littattafan da ake kawowa daga Arewacin Afirka sun fi sauran haja riba. A 1931 wata mai bincike, Angela Codazzi, ta gano rubutun hannu na littafin a babban ɗakin karatu na ƙasa a Roma, da aka gwada sai aka ga Ramusio ya yi gyare-gyare da yawa kafin ya buga. Shekara kusan ɗari huɗu ana ambato mutum da maganar da editansa ya sa masa a baki.

Hanyar takardar zuwa wurinmu hanyar ayari ce. Jirgin ruwa ya sauke a Tarabulus ko Iskandariyya, raƙuma su ɗauka, ko ta Gadamus da Gat da Agadas zuwa Katsina da Kano, ko ta Fezzan da Bilma zuwa Barno. Alhazai ma sukan taho da ita daga Alƙahira. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya lissafa kayan da ake shigowa da su daga arewa, ya ambaci wannan takarda mai wata uku da sunanta, ya ce ana kawo ta da yawa don da ita ake naɗe tufafin da ake yi a ƙasar. Da na karanta wannan sai na tuna yadda har yau ake naɗe turkuɗi da baƙin rawani a takarda don kada ƙyallin bugu ya dushe. Ashe marina da mabuga su ma suna da hannu a wadatar takarda a Kano. Kasuwar tufafi ce ta ja ta da yawa, malamai suka samu a Kurmi.

To, sai maganar shekarun Ashafarmu. Wata uku kaɗai ba ya yanke hukunci, don masana'antu da yawa sun yi amfani da shi tsawon ƙarnuka. Abin da ke taimakawa shi ne ƙaramin tambari na biyu da mai masana'anta ke sawa a ɗaya ɓarin fallen, harufan sunansa ko sunan gaba ɗaya. Na yi mako uku ina bin littafin warƙa-warƙa, bayan Baffa ya gindaya mini sharaɗin kada ko ɗaya ta bar soro kuma kada in birkita jerinsu. Littattafanmu ba a ɗinke suke ba, abin da ke riƙe jerin shi ne kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda da ita warƙa ta gaba za ta fara. Ina ɗagawa, ina auna tazarar layuka da rula, ina rubutawa. A warƙa ta ɗari da wani abu na fara ganin haruffan boko a kwance, rubutun haɗe. Na juya takardar, na karanta daga baya: Andrea Galvani. A wata warƙar kuma: Pordenone.

Na san sunan kafin ranar, don duk wanda ya karanta aikin Terence Walz kan cinikin takarda a Masar da Sudan, ko na Michaelle Biddle kan tsofaffin littattafan Arewacin Najeriya, ya gamu da shi. Gidan Galvani masu takarda ne a yankin Pordenone, arewa maso gabas da Venis. Shi Andrea a 1855 ya rasu, gidan kuma ya ci gaba da sa sunansa a takarda shekaru da dama bayansa. Ma'ana, Ashafarmu ba ta riga ƙarni na 19 ba. Tsakaninta da Kisoke akwai kusan shekara ɗari uku.

Na kwana biyu ina juya yadda zan faɗa wa Baffa. Ba ƙaramin abu ba ne ɗan da ka yi wa huɗuba ya zo ya ce maka abin da ka ji daga ubanka, shi ma ya ji daga nasa, takarda ta ƙaryata shi. Na same shi bayan Isha'i, na durƙusa na gaishe shi, na kunna fitilar na nuna masa watan, na nuna masa sunan, na yi masa bayani a hankali. Ya sa tabarau ya duba. Ya yi shiru har na fara nadamar buɗe baki.

Can ya ce, "Wato Bature ne ya yi ta."

Na ce, "Shi ne, Baffa."

Ya ce, "Kuma ba ta kai zamanin Kisoke ba."

Na ce, "Takardar ba ta kai ba."

Ya ce, "To, ai ka faɗa da bakinka, takardar. Shi wanda ya rubuta wannan, daga sama ya ɗauko? Ba wani littafin ya ajiye a gabansa yana kwafa ba? Ina uwar?"

Wallahi tambayar da Baffa ya yi ita ce wadda manyan masu wannan fanni ke yi. A Larabce ma littafin da aka kwafa daga gare shi ummu ake ce masa, wato uwa. Takarda na tsufa, gara na ci, damina na jiƙawa, sai wani a gidan ya zauna ya sake kwafa, sabon ya gaji sunan tsohon da labarinsa. Labarin zuriyarmu yana iya zama labarin karatun da silsilarsa, tambarin kuma yana ba da labarin wannan kwafi guda. Wannan ya buɗe mini babi sukutum a kundina. Na koma kan bayanan da ke gefen shafuka, inda aka fassara kalmomi masu wuya da ajami da ƙaramin alƙalami, na lura akwai wuraren da marubucin ya bar gurbi fari a tsakiyar jumlar sharhi. Mai kwafa yakan yi haka in ya tarar da wurin ya cinye a littafin da ke gabansa. Uwar ta riga ta tsufa ke nan a lokacin da aka kwafe ta.

Kada wani ya ɗauka ba mu da littattafan da suka kai wancan zango da gaske. A ƙarshen shekarun 1950 wani mai bincike, A. D. H. Bivar, ya ɗauki hoton waɗansu tsofaffin Alƙur'anai na Barno, ɗaya daga ciki na ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669. Tsakanin layukansu akwai fassara da tsohon harshen Kanembu, wadda Dmitry Bondarev ya shafe shekaru yana nazari a Landan da Hambug. Akwai dubban rubuce-rubuce a Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da abin da shirin binciken tarihin Arewa ya tara a Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da Jami'ar Ibadan, da cibiyar binciken da ke Yamai. John Hunwick ya fitar da babban kundin sunayen marubutan yankinmu da ayyukansu a 1995. An yi aiki, ba a zauna ba. Amma yawancin aikin kan matani ne: wa ya wallafa, me ya ce. Jikin littafin kuwa kaɗan ne suka waiwaye shi.

Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke bincike a jami'o'inmu. Littafi ɗaya ne, amma mun raba shi gida-gida. Ɗan sashen Larabci ya ɗauki nahawu da balaga. Ɗan sashen tarihi ya tsinci sunan sarki da shekarar yaƙi ya wuce. Ɗan sashen zane-zane kuwa an cika masa kai da Leonardo da Michelangelo, wanda ba laifi ba ne, amma ya gama digiri bai taɓa zama ya kalli zayyanar da ke farkon rubu'in Alƙur'ani rubutun Barno ba, yadda aka saƙa ja da rawaya da baƙi cikin murabba'i ba tare da layi ɗaya ya kauce ba. Bai san kuri da humusa ba, alamomin ƙidayar ayoyi, bai san yadda ake haɗa tawadar yambari da bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro ba. Dukawan da suka ɗinka gafaka suka yi mata ado ba sa cikin manhajar kowa. Ni ma ban tsira ba: sai da wani alaramma a Fagge ya zaunar da ni kafin na iya warware ramzi, wato rubuta shekara da haruffa maimakon lambobi. Na yi ta lissafi da abajadin Gabas ina samun shekarun da ba su yiwuwa, ashe marubutanmu lissafin Magrib suke bi, inda shinun ce 1000. Shinun da ra da ya da ha mai takwas, in ka tara, 1218 ke nan, shekarar hijirar Shehu. Abin da almajirin zaure ya sani tun yana saurayi, ni sai a digiri na uku na same shi.

Turawa sun sami Briquet tun 1907. Mu abin da muke buƙata ba ya fi ƙarfinmu. In kowane ɗalibin da ya taɓa rubutun hannu mai kwanan wata zai ɗaga shi a haske, ya ɗauki hoton tambarin da rula a gefensa, a tara a wuri ɗaya, cikin 'yan shekaru za mu sami ma'aunin da za mu gwada marasa kwanan wata da shi. Wasiƙun sarakuna ma sun isa a fara da su, tunda an san zamanin kowane sarki da hatiminsa.

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. Bara na je wani gari neman littattafan wani gidan malamai da aka ba ni labari. Na tarar jikokin, da kyakkyawar niyya, sun kai su shagon kwamfuta an manne kowace warƙa cikin roba da zafi don kada ta lalace. Tawadar ta fara narkewa a ciki, kuma ba mai iya ɓare robar ba tare da ya yage takardar ba. A wani gidan an ɗauki hoto an buga sabo mai kyau, aka zuba tsohon a buhu aka jingine a bango, damina biyu gara ta gama da shi. Da na buɗe buhun ƙasa ce ta zubo mini a ƙafa, da 'yan gutsattsarin da ake iya karanta kalma ɗaya ko biyu. Na zauna a ƙofar ɗakin na kasa magana. Kalmomin suna nan a hoto, amma takardar da za ta faɗi shekarunsu da hanyar da suka biyo ta tafi. Ban ga laifin mutanen gidan ba, don ba wanda ya taɓa zuwa daga jami'a ya ce musu kwali mai tsabta da farin ƙyalle da wuri busasshe nesa da bango sun fi roba.

Ashafarmu yanzu tana cikin gafakarta, na dai sa an ɗaga adakar a kan benci, na shimfiɗa farin alawayyo a ciki. Azumin da ya wuce Baffa ya karanta ta kamar kullum. Ran ashirin da bakwai, bayan an shafa fatiha mutane sun watse, ya ce in dakata. Ya shiga cikin gida ya fito da wani ɗan ƙunshi a tsohon rawani, wanda ban taɓa gani ba. Warƙa goma sha ɗaya ne, sun yi ja kamar ganyen taba, gefensu ya zaizaye, rubutun ya fi na littafinmu tsayi da siranta. Daga babin mu'ujizoji ne na Ashafa. Ya ce a ƙasan adakar kakana ya same su ranar da aka raba gado, bai nuna wa kowa ba.

Ya miƙo mini, ya ce, "Kunna fitilar taka mu gani."